Yadda za ka ɗauko labarin jirgin kwal daga bakin tsofaffin reluwe tun suna raye

Kakana na wajen uwa fayaman ne a loko na Zariya, wato inda ake ajiye kawunan jirgin ƙasa ana gyara su, ya daɗe yana zuba kwal a wutar kan jirgi kafin daga baya a mai da shi direba, kuma duk tsawon zaman da muka yi da shi sau ɗaya tal na taɓa kunna waya na ɗauki muryarsa, minti 40 da 'yan kai. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, na dawo ina saurare sai na ga ashe rabin tambayoyin da na yi masa ba su ne ya kamata in yi ba. Daga nan ne na shiga bin abokan aikinsa gida gida, na zauna da mutum huɗu, to abin da na koya a wannan yawon shi ne zan ba ku ko wani zai yi abin da ya fi nawa.

Ka fara yin lissafin nan tukuna. Kan jirgi mai shan dizal ya fara shigowa Najeriya a 1955, na kwal ɗin kuma suka yi ta raguwa har daga baya suka ɓace. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20 a 1965 yau ya kai 80 ko ya ɗan haura. Kenan ba abin da za ka ce sai bayan sallah ba ne, satin nan ya kamata ka tashi.

Nemo su ba wuya in ka san garuruwan dogo. Zariya, Kaduna, Kafanchan, Minna, Kano, Gusau, Ƙaura Namoda, Nguru, duk inda ka ji ana cewa kwatas ɗin reluwe ko bakin dogo to ka je majalisar dattawan wajen bayan la'asar ka yi sallama ka tambaya waye ya yi aiki zamanin jirgin kwal, wallahi kafin ka rufe baki an nuna maka gida. Kuma kada ka tsaya kan Bahaushe kaɗai, da yawa daga direbobi da makanikai na wancan lokacin mutanen kudu ne da suka tsufa a Sabon Gari, Hausa a bakinsu kamar jakin Kano.

Ranar farko kada ka fito da waya sam. Ka riƙe goro ko ɗan abin shayi, ka durƙusa ka gaida shi, ka ce Baba ni jikan wane ne, labarin aikinku na zo ji. Sai a zuwa na biyu ka nemi izini ka ce Baba ina so in ɗauki muryarka saboda jikoki, in ya ce a'a to a'a ɗin ce, ka riƙe biro da takarda. In ya yarda ka zo da hantsi lokacin jikinsa da ƙarfi, ka sa wayar a yanayin da kira ba zai shigo ba, ka ajiye ta kan tabarma kusa da shi, a kashe fanka, a yi nesa da janareto. Ni fanka ce ta cinye min kusan minti goma na muryar kakana, har yau abin na min ciwo.

Kafin ka je ka ɗan san abin da za a yi magana a kai, don tsoho in ya ga ka san wani abu sai ya saki jiki. Dogo ya iso Kano a 1911 daga Baro da ke bakin kogin Kwara, sannan aka haɗe shi da na Legas, tafiyar Legas zuwa Kano kusan mil 700. Kwal ɗin da jiragen ke ci daga Inugu ake haƙo shi, an gano shi a yankin Udi a 1909, shi ya sa ma aka ja layin Fatakwal zuwa can a 1916. Dogo ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai 1964. Kayan da ake ja zuwa teku su ne gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da kuzar Jos, dalar gyaɗa ma da ake ta nuna hotonta a Kano ai buhuna ne da ke jiran tarago, gyaɗar ta fi ƙarfin jiragen da ke kwashe ta. Manyan kawunan jan kaya da za ka fi jin labarinsu su ne waɗanda aka sa wa sunayen koguna, kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya fara ƙera su a 1948, ƙafafu takwas ne ke jan su, biyu ƙanana a gaba biyu a baya. Akwai kuma Garratt na kamfanin Beyer Peacock da ke Manchesta, shi tukunyarsa ta tururi a tsakiya take, inji gaba inji baya kamar an ɗinke jirgi biyu. Ka nemi hotunansu ka sa a waya ka nuna masa, za ka ga yadda idonsa zai canja.

To yanzu tambayoyin, nan ne na yi kuskure da kakana. Na yi ta ce masa wace shekara kaza, wace shekara kaza, shi kuwa ba da shekara ya riƙe rayuwarsa ba, sai ya yi shiru yana lissafi labarin ya tsinke. In kana son lokaci ka ce Baba wannan kafin zuwan Sarauniya ne ko bayansa, Sardauna na da rai, an fara yaƙin basasa, da fam ake biyanku ko naira ta fito. Kai ka san zuwan Sarauniya 1956 ne, naira kuma 1973, sai ka cike da kanka a gida.

Jikinsa za ka tambaya. Ka ce Baba nuna min yadda ake riƙe shebur ɗin. Ɗaya daga cikin dattawan nan da na faɗa masa haka sai ya miƙe da sandarsa, ya buɗe ƙafa, ya juya ƙugu ya watsa hagu ya watsa dama ya watsa can ƙurya, ya ce ba tuli ake yi ba, shimfiɗa kwal ake yi ko'ina ya samu, in ka tara shi waje ɗaya wutar ta shaƙe hayaƙi ya yi baƙi ƙirin tururi ya faɗi, direba kuma ya juyo ya harare ka. Ya ce idon fayaman biyu ne, ɗaya kan agogon tururi ɗaya kan 'yar kwalbar da ke nuna ruwan tukunya, don in ruwa ya yi ƙasa rufin wutar ya bushe to abin da zai biyo baya ba kyau. Ban tambaye shi ko ɗaya daga cikin wannan ba, shebur kawai na ambata.

Irin su za ka bi. Ƙarfe nawa ake hura wuta kafin jirgin asuba ya tashi, waye ke kwashe toka, a waɗanne tashoshi ake tsayawa shan ruwa, in rani ya yi tsanani ruwan ya yanke ya ake yi. Ka tambaye shi hawan Kafanchan zuwa Jos da kaya cike, da yadda ƙafafu ke sulɓi da damina har sai an sakar wa dogo yashi. Me tashan masta, wato shugaban tasha, ke miƙo wa direba kafin ya shiga layi, tunda layin guda ɗaya ne jirgi biyu ba sa haɗuwa a kai. Sannan tambayar da duk wanda na yi wa sai da ya yi ajiyar zuciya, Baba ya kuke yi da azumi a gaban wannan wutar, a ina kuke sallah. Ka yi tambayar ka yi shiru, kada ka cike masa shirun da surutu, ka bar shi ko minti biyu ne.

In ya kauce ya shiga zancen wani abokinsa da ya rasu ko wahalar tsufa ka bi shi, zai dawo kan dogo da kansa. In ya faɗi abin da ya saɓa da wanda ka karanta kada ka gyara masa a gaban jama'a.

Kada ka manta cikin gida. Ka nemi izini ka gaida Hajiya ko Inna, ko ka tura ƙanwarka, don su ne suka wanke kayan aikin da baƙin kwal ya kama, su ne suka yi kwana uku huɗu maigida na hanya. Tsofaffin matan da suka sayar da abinci a tasha ma suna da nasu labarin da ba ya cikin kowace takarda.

In ya fito da hula ko fitilar hannu ko katin aiki ko tsohon hoto, ka ɗauka a waya gaba da baya ka mayar masa a hannunsa, kada ka ce ara. Da ka koma gida a daren ka sa wa muryar suna da kwanan wata da gari, ka tura kwafi waje biyu, ɗaya ga iyalinsa. Ka rubuta kalmomin aikin yadda ya furta su, loko, shantin, sigina, fayaman, kada ka mai da su Turancin littafi.

In da hali kuma jikinsa zai ɗauka ka kai shi ya ga ƙarfen da idonsa. Akwai tsoffin kawunan jirgi a gidan tarihi na Jos, daga ƙaramin layin nan da ya haɗa Zariya da Jos wanda aka rufe a 1957, wanda ke Legas kuma ya leƙa Jaekel House a Ebute Metta ya ga hotuna da kayan aiki.

Kafin ka kashe wayar ka ce ya yi maka kukan jirgin da bakinsa. A minti na 31 na muryar kakana, ba tare da na tambaya ba, ya yi wani fito dogo ɗaya gajeru biyu, ya ce haka yake ja in ya doso Zariya da dare, kakarmu na ji daga kwatas sai ta tashi ta ɗora ruwan wanka. Da na kunna mata wajen sai ta ce in mayar baya, na mayar har sau uku.