Yadda za ka gane ko yuraniyam ya shiga ruwan rijiyarku

Abu na farko, ka cire rai da cewa idonka ko harshenka zai gaya maka. Ruwan da yuraniyam ya shiga fari ne tas, ba wari ba wani ɗanɗano, za ka ɗebo daga randa da sanyinsa ka kwankwaɗa kana hamdala, ƙodarka ce ke karɓar wahalar a hankali, don kafin ma a zo maganar tururin nukiliya shi kansa ƙarfe ne mai guba kamar dalma.

Ka fara da tambayar me ke kusa da ku. Mutanen garuruwan Arlit da Akokan a arewacin Nijar sun san zancen, tun 1971 ake haƙo yuraniyam a wajen, aka rufe mahaƙar Cominak a 2021 aka bar tulin sharar tama kusan tan miliyan 20, kuma ruwan da garin ke sha na ƙarƙashin hamada ne, tsohon ruwa wanda damina ba ta cika mayar da shi ba. Da ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta ɗebi ruwa a wajen a 2009, huɗu cikin samfur biyar sun wuce iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Masu rijiya kusa da tsofaffin ramukan kuza a Jos, ku ma zancen ya shafe ku.

To sai gwaji. Ka samu gorar roba sabuwa, ba wadda aka taɓa zuba fetur ko zoɓo ba, ka bar famfon ya zuba na ɗan mintoci, ka ɗauraye gorar sau uku da ruwan, sannan ka cika ta ka toshe, ka rubuta kwanan wata da sunan rijiyar a jiki. Kar ka bar ta cikin but ɗin mota tana shan rana, ka kai ɗakin gwaji da wuri. Kuma a nan ne mutane ke asarar kuɗinsu wallahi, sai su ce a duba ruwa kawai, a duba masu ƙwayoyin cuta a ce lafiya lau. A'a, ka ce yuraniyam kake so a auna, a rubuta maka adadin a takarda. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya yanzu maikurogiram 30 ce a lita ɗaya. A Najeriya za ka iya tuntuɓar cibiyar binciken makamashi ta ABU Zariya. In da tsada ku yi karo-karo a unguwa, kuma a maimaita da rani da damina.

Wannan 'yar na'urar mai ƙara ƙit-ƙit da ake karawa a jikin abu don auna tururin nukiliya, tana da amfani wajen tsohon ƙarfe da aka sayo a kasuwa kafin a ƙera tukunya da shi, amma a ruwa ba za ta nuna maka komai na kirki ba.

In sakamako ya fito da yawa, don Allah kar ka ce bari a tafasa. Ruwan ne ke tashi ya bar yuraniyam ɗin a tukunya, ka ƙara masa ƙarfi kenan. Tacewa da ƙyalle ma aikin banza ne. Matatar da ke aiki ita ce irin ta kamfanonin fiya wata da ake kira RO, ita ma sai ana canja mata tacin a kan kari. Kafin a samu, na sha da girki a ɗebo daga wani wurin da aka gwada, musamman na jarirai da masu ciki, wancan a bar shi a wanki, takardar sakamakon kuma ku yi mata hoto ku kai wa mai unguwa da hukumar ruwa.