In aka gayyace ka mashayar giyar inabi a Rüdesheim

Duk wanda karatu ko aiki ya kawo shi Frankfurt, Mainz ko Wiesbaden a ƙasar Jamus, ba zai yi wata uku ba sai abokan aiki sun ce masa ranar Asabar a je Rüdesheim. Ƙaramin gari ne tsoho a bakin kogin Rhine, daura da Bingen, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Frankfurt a jirgin ƙasa. Daga nan kwarin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002 ya fara. Duwatsun da ke bayan garin duk gonakin inabi ne, mafi yawa irin da ake kira Riesling, kuma abincin mutanen garin a kan giyar inabi yake. Saboda haka yawon, komai daɗewarsa, yana ƙarewa ne a wata Weinstube, wato ƙaramar mashaya mai teburan katako, ko dai a lungun Drosselgasse da tsawonsa bai kai mita 150 ba, ko a gidan wani manomi da ya rataya ganye a ƙofa, alamar ya buɗe zaurensa na 'yan watanni yana sayar da abin da gonarsa ta ba shi.

Ɗan'uwa, ka yanke shawararka tun kana gida, kada ka bari sai kana bakin ƙofa mutum takwas sun zuba maka ido. Malamai da yawa sun hana zama a teburin da ake shan giya, kuma suna da hadisin da suka dogara da shi. In a nan ka tsaya, ka faɗa tun ranar da aka yi gayyatar: zan zo yawon, zan hau dutse da ku, amma in za a shiga mashaya ni zan juya. Ba wanda zai ɗauke ka mara kirki. Bajamushe ya fi son a gaya masa gaskiya sau ɗaya da a riƙa yi masa hanya-hanya. Abin da nake roƙo a guje wa shi ne ƙaryar uzuri, yau ciwon ciki, gobe ana shan magani. Wanda ya ce yau ba zai sha ba, za a sake miƙo masa kofi mako mai zuwa. Wanda ya ce "Ich trinke keinen Alkohol", wato ba na shan barasa, ya kashe maganar ke nan har ya bar ƙasar.

Akwai kuma wanda zai tarar da kansa a ciki, ko don taron wurin aiki ne, ko don a nan ne kawai ake sayar da abinci a ƙauyen da aka je. Domin shi na yi wannan rubutu, saboda haɗarin ba ya cikin kofin da kowa ya san giya ce. Yana cikin abin da bai yi kama da giya ba.

Na farko shi ne Federweißer, wanda ake fitowa da shi daga Satumba zuwa Oktoba, lokacin girbin inabi. Fari ne gurɓi-gurɓi kamar kunun aya, ga zaƙi, ga ɗan kumfa, har za ka rantse lemo ne. Sabuwar giya ce da ba ta gama tsimuwa ba. Tun ana sayar da ita barasar cikinta ta kai kashi 4 cikin 100, kuma kullum ƙaruwa take yi, shi ya sa ba a ɗaure murfin kwalbarta tam. Mai masaukinka zai iya ce maka ai wannan kusan ruwan inabi ne kawai, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Kada ka karɓa. Abin da za ka nema shi ne Traubensaft, tataccen ruwan inabi da bai tsimu ba, ko Traubensaftschorle in kana son a sirka shi da ruwa mai gas. Ka faɗi kalmar cikakkiya, don in ka ce Schorle kawai a wannan yanki, giya da ruwa za a kawo maka. Apfelschorle na tuffa ne, babu komai a ciki, amma Apfelwein giya ce.

Sai gahawa mai sunan garin, Rüdesheimer Kaffee, wanda aka ƙirƙira a 1957. Ana zuba barasar Asbach da sukari a kofi, a kunna mata wuta a gabanka, sannan a zuba gahawa a ɗora kirim. Wutar ba ta cinye barasar duka. Haka ma cakulan da ake sayarwa a shagunan tsaraba, da yawansu da barasa a ciki. Ko kwalbar da aka rubuta wa alkoholfrei, doka ta yarda ta ƙunshi har kashi 0.5 cikin 100. Mai son ya kwana da kwanciyar hankali ya duba wadda aka rubuta wa 0,0.

A gefen abinci, naman alade ne ke ɓuya. Zwiebelkuchen, wainar albasar da ake haɗawa da Federweißer, galibi da Speck a ciki, wato gutsattsarin naman alade. Flammkuchen, siririn gasasshen burodi mai kirim da albasa, ma haka, sai dai in ka ce vegetarisch, wato marar nama. Farin man da ake kawowa a ɗan kasko tare da burodi, in an ce Schmalz, kitse ne, yawanci na alade. Miyar da aka ambaci Riesling a sunanta da giya aka dafa ta. Spundekäs, cuku mai laushi da albasa da ake ci da Brezel, wani murɗaɗɗen burodi mai gishiri, shi ne na fi nuna wa baƙi, don yana ƙosarwa kuma ba nama a ciki.

In aka ɗaga kofuna aka ce "Zum Wohl", fatan lafiya ake yi, kuma ana kallon juna ido cikin ido. Mu da aka tarbiyyantar da mu kan sunkuyar da kai gaban manya, wannan sai an koya. Wajen biya za a tambaye ku tare ko kowa nasa. Ka ce getrennt, ka biya ruwan inabinka da cukunka kaɗai, kuɗinka bai shiga giyar kowa ba, kuma wannan ba rowa ba ce a wurinsu. Ka riƙe 'yan Yuro a aljihu, don ƙananan wurare ba duka ke karɓar kati ba, ka ɗan cika kuɗin ya zama tukwici.

Kada kuma mashaya ta sa ka ƙi garin. Ka hau keken igiyar da ke ratsa saman gonakin inabi zuwa gunkin Niederwald da aka buɗe a 1883, ka kalli kogin daga can sama, ka sauko da ƙafa ta cikin gonaki, ka shiga jirgin fito zuwa Bingen. Ka tafi da ƙaramar darduma a jaka, domin a Oktoba rana na saurin faɗuwa, kuma a gefen dajin da ke bayan gunkin ba za ka rasa inda za ka yi la'asar ba.