Shawara ga mai niyyar ziyartar ramin Wellington a Arras

Jama'a, duk wanda tafiya ta kai shi arewacin Faransa, ya daure ya leƙa Arras. Akwai tsohuwar mahaƙar farar ƙasa, zurfinta kusan mita 20. Sojojin Niyu Zilan ne suka haɗe ramukan, inda sojoji kusan 24,000 suka ɓuya kafin harin da suka kai wa Jamusawa ranar 9 ga Afrilu, 1917, a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ku tafi da rigar sanyi ko da bazara ce, don can ƙasa sanyin kusan digiri 11 ne, ga laima. Takalmi kuma rufaffe, silifas ba zai yi ba. Ku sayi tikiti tun da wuri, sai da ɗan jagora ake sauka. Bangon nan fa akwai zanen da sojojin suka bari da fensir, a kalla da ido kawai.