Kurakuran da Ke Kashe Labarin Sarauta da Ɓataccen Asiri, da Yadda Za a Gyara Su

Masu rubuta labaran yaƙi da sarauta sun ƙaru sosai a Facebook da WhatsApp da Wattpad, masu karatu kuma na biye da su. Ina ƙaunar wannan fanni, shi ya sa nake jin ciwo idan labari ya taso da zafinsa, ga daula, ga gadon mulki ana rikici a kansa, ga wani tsohon asiri da ya ɓace, amma kafin a kai babi na goma ya huce. Basira akwai ta. Kurakurai ne 'yan kaɗan ake ta maimaitawa, kuma duk suna gyaruwa.

Babbansu shi ne fadar da babu kowa cikinta sai mutum uku: sarki mai kirki, waziri mugu, yarima jarumi. Tun shafin farko mai karatu ya san wanda zai ci amana, to me zai zauna jira? Fada ta gaskiya cike take da masu ruwa da tsaki. A Kano masu zaɓen sarki su ne Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, kowanne da gidansa da abin da yake karewa. Ga 'ya'yan sarki masu riƙe da sarautu irin su Ciroma da Galadima da Turaki, kowa idonsa na kan karaga. Ga manyan bayin sarki, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda ba sa gadon mulki amma sun fi kowa kusa da kunnen mai mulki. Ga jakadiya da ke shiga inda waziri ba ya isa ya taka.

Ku dubi yaƙin basasar Kano. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, waɗanda dama an yi ta raba su da sarautunsu a zamanin Bello, suka fice daga birni suka tare a Takai ƙarƙashin ɗan'uwansu Yusufu. Yusufu ya rasu tun ba a ci gari ba, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Ɓangare ɗaya na riƙe da naɗin Sakkwato, ɗayan na riƙe da yawan jama'a da ƙorafin da ke da tushe. 'Yan'uwan jini ne, kowa na ganin shi ke da gaskiya. Irin wannan rikici ne ke hana mai karatu barci. Kafin ku rubuta babin farko, ku ɗauki takarda ku jera masu sarautar labarinku, a gaban kowane suna ku rubuta abin da yake so, abin da yake tsoro, wanda ya naɗa shi, da gidan da 'yarsa take aure. Makirci zai fito da kansa daga cikin takardar nan.

Matan fada ma ana zaluntarsu. Aikinsu a yawancin labarai kishi ne da aiken boka. Alhali tsohon littafin nan na Tarihin Kano ya ambaci Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa, wadda ta kashe wutar tawaye lokacin da ɗanta ba ya gari, ta kuma ci gaba da faɗa a ji har zamanin jikanta Kisoke. Ku ba uwar sarki da uwar soro da ƙwarƙwara buri na mulki da hanyar cim masa.

Kuskure na biyu a girma shi ne asiri marar farashi. Jarumi ya shiga tsaka mai wuya, sai ya shafa zobe, dakaru dubu su zube. Gobe ma haka. Daga ranar da mai karatu ya gane zoben nan ba ya ƙarewa, ba ya cin komai a jikin mai shi, tsoro ya fita daga labarin. Kakanninmu da suka ba da labaran layu da sihiri sun san wannan, kullum akwai sharaɗi, akwai lago. A labarin baka na Katsina, Sarki Sanau ba ya kayuwa a kokawa saboda layar da yake ɗaurawa, sai da aka haɗa baki da matarsa ta ɗauke ta, sannan Korau ya kayar da shi ya yanka shi ya hau mulki. Asirin yana da wurin zama, yana da wanda ya san sirrinsa, kuma ana iya sace shi. Nan ne sihiri da makircin fada suka zama abu ɗaya.

Idan kuma kun ce asirin ya ɓace, dole ku san wa ya ɓatar da shi da dalili. "Tun zamanin da ya shuɗe" ba amsa ba ce. Ku karanta labarin Dirki a Tarihin Kano. Wani abu ne da aka naɗe cikin fatu, sarakuna suna yanka masa shanu tsawon zamani. Da aka zo kan Sarki Alwali, manyan fada suka nemi shanun Dirki ya ƙi bayarwa, suka tsoratar da shi da abin da zai biyo baya, ya fusata ya sa samari suka sassare shi da gatura. Da fatun suka buɗe sai ga Alƙur'ani a ciki. A zamanin Alwalin ne jihadi ya kawo ƙarshen mulkin gidansu, a 1807. Ku lura da abin da ke cikin wannan ɗan labari: sarki da fadawansa suna jayayya a kan dukiya da iko, jama'a sun manta ainihin abin da suke girmamawa, kuma buɗe sirrin ya zo da abin da ba wanda ya zata. Ɓataccen asirin labarinku yana buƙatar mai amfana da ɓacewarsa da mai asara idan ya dawo. Ku rubuta wa kanku dokokinsa a gefe: me yake iyawa, me ya gagare shi, me yake karɓa daga mai amfani da shi. Kada ku karya dokar don ku ceci jarumi.

Sai maganar baki. Sau da yawa za ka ga barde ya faɗo fada ya ce wa sarki, "Akwai matsala, abokan gaba sun iso." Ba a yi wa sarki magana haka. Barden zai tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai su amsa, "Sarki ya gaishe ka." Sannan ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ƙura ta tashi ta gabas, kuma ba ta fatake ba ce." Sarki, amawali rufe da bakinsa, mai yiwuwa ba zai ce komai ba, ya dubi Madaki kawai, kowa a zauren ya gane an ba da umarni. Ladabin nan makami ne a hannun marubuci. Mai shirya cin amana shi ya fi kowa iya "ranka ya daɗe", kuma ranar da wani hakimi ya jinkirta faɗuwa gaisuwa, mai karatu zai ji gabansa ya faɗi ba tare da an zare takobi ba.

Wasu kuma sukan buɗe littafi da shafi biyar na tarihin daula da jerin sarakuna goma sha biyu. Ku fara da mutum cikin damuwa, tarihin ya riƙa shigowa ta bakin maroƙi cikin kirari ko ta gardamar tsofaffi.

Ƙasa da yanayi ma ana mantawa da su. Runduna ta tashi da asuba ta isa wata daula da azahar, dawaki ba su sha ruwa ba, ba a san ko damina ce ko rani ba. A ƙasar Hausa galibi bayan kaka ake fita yaƙi, an cika rumbuna, rafuka sun janye. Doki mai ɗauke da lifidi da mahayi cikin sulke yana gajiya. Birni mai ganuwa ana rufe ƙofofinsa da dare, saboda haka wanda zai tsere sai ya san sarkin ƙofa ko ya saye shi. Ko daular taku ƙirƙirarriya ce, ku zana taswirarta, ku san kwana nawa ne tsakanin gari da gari, ku san abin da fada take ci: harajin gona ne, kuɗin fito ne daga ayarin gishiri da goro, ko ganimar yaƙi. Wanda ya tare wannan hanya ya shaƙe sarki.

Wanda ke sakin labari babi-babi yana da nasa haɗarin. Masu karatu za su roƙa kada a kashe wane, a aurar da wance, marubuci ya biye musu, zaren da aka ƙulla a babi na uku ya ɓace. Ku san wanda zai zauna a karaga a ƙarshe da abin da asirin zai ci kafin ku saki babin farko, ku ajiye littafin rubutu na sunaye da sarautu da alkawuran da kuka yi wa mai karatu, ku riƙa duba shi duk lokacin da za ku fara sabon babi.