Idan ka gaji adaka, kwari da baka ko takobi

Bayan addu'ar bakwai ɗin Baba muka buɗe ɗakinsa a gidanmu na Alkaleri. Adaka, wato bindigar da ake ɗurawa ta baki, na jingine bayan ƙofa cikin tsohon bargo, kwari da baka na rataye a ƙusa, ga takobin kakanmu a kubensa na jar fata. Yayana ya dube ni ya ce, "Kai ne mai bin sa daji, kwashe." Na kwashe ina murna, ban san wahala na ɗauko ba.

Abu na farko, kada ka taɓa kunamar bindigar. Tsofaffin maharba sukan ajiye adaka a ɗure, kuma albarushi yakan yi shekaru bai mutu ba. Da na kai wa Sarkin Bakan garinmu, sai ya juya bakinta wajen bango, ya zura ƙarfen ɗurin a ciki, ya sa babban yatsa daidai inda ya tsaya, sannan ya zaro ya gwada shi a jikin bututun ta waje. Ya rage kusan yatsa uku. "Yaro," in ji shi, "da cikinta ka shigo min gida." Shi ya kwashe ɗurin. Ya kuma hana ni harba ta, don tsatsa ta cinye gindin bututun, irin wadda ke fashewa a hannun mai ita.

Sai maganar takarda, inda yawancinmu ke faɗawa rami. Dokar bindigogi ta Najeriya tun 1959 take, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Wanda aka kama da irin su babu izini, ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci. Akwai na farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗannan na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sannan waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato adakarmu, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sandan jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

Lasisin Baba na Baba ne. Gona da rigunansa sun zama namu, amma takardar ta bi shi. Abin da ya kamata shi ne wanda ya gaji bindigar ya je ofishin 'yan sanda ya sanar da rasuwar, ya miƙa bindigar a ajiye masa, ya karɓi rasidi mai sa hannu da hatimi. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar cewa an dakatar da ba da sabon lasisi, don haka mai niyyar saye ya fara zuwa hedikwatar 'yan sanda a Bauchi ya ji halin da ake ciki kafin ya ba kowa ko sisi. Wanda ya ce zai haɗa maka da bindiga da takarda a bayan kasuwa, gidan yari yake sayar maka. Katin ƙungiyar maharba ma yana da amfaninsa, amma ba lasisi ba ne.

Kuma kada ka ɗauka abin da aka saba gani a Alkaleri haka ake kallonsa ko'ina. Mu nan in an ga dattijo da adaka a kafaɗa, sannu ake masa. A watan Maris na 2025, mafarauta 16 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida sallah aka kashe su a Uromi ta jihar Edo, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Tun daga ranar na daina tafiya da ko kibiya. A gida ma akwai iyaka: Yankari na nan kusa da mu, shiga cikinsa da makami laifi ne, ko da takardarka ta cika.

Kwari da baka ba su cikin dokar bindiga. Kwance tsirkiyar don kada bakan ya sage, ka rataye shi nesa da danshi da gara. Tsofaffin kibau kuwa, in ka ga baƙin abu ya daskare a tsininsu, dafi ne, kada yara su kusance su. Abin mamaki, a Ingila mutum na iya mallakar baka amma farauta da shi haramun ce a doka. A Amurka kuma, dokar tarayya ba ta ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kamar sauran bindigogi. Wannan can ne. A nan tsufan bindiga ba ya wanke ta.

Takobin ne ya fi ba ni tausayi, don na kusa ɓata shi. Na sayo takardar goge ƙarfe zan sa shi ya yi ƙyalli, wani maƙeri ya riƙe hannuna, ya ce tambarin da ke kusa da marikin zan shafe. Tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki sun isa, sai ɗan man kaɗe a jikin kuben, ba a kan ƙarfen ba. Wani dillali ya taya takobin da kuɗi mai tsoka, wai zai kai waje. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 ta ɗauki kayan hannu da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a cinikinsu sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ba a fitar da su ƙasar waje sai da izini. Na ce wa dillalin a'a. Takobin na cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona, makullin na wurin Inna, sai ranar hawan sallah take ba ni.