Yadda na gyara na'urar PIN da ta daina sarrafa ƙarfin sigina

A ɗakin gwajinmu da ke Jos muna da teburin gwajin maikurowef, wato igiyoyin rediyo masu gajeren zango, mai aiki kusa da gigahaz 10, inda wani ƙaramin kayan lantarki da ake kira diyod ɗin Gunn ke samar da sigina, diyod ɗin PIN kuma ke shanye wani kaso na ƙarfinta gwargwadon lantarkin da aka ba shi. Kwana uku allurar mitar VSWR, wato na'urar da ke nuna ƙarfin siginar da ta iso, ba ta motsi, ko da an murɗa maɓallin PIN har ƙarshe.

Na fara zargin Gunn, amma yana jan lantarki daidai. Na canza diyod ɗin gano sigina, na kuma kwance bututun igiya, wato bututun ƙarfen da siginar ke bi, na share ƙurar hunturu da ta shiga bakinsa, duk a banza.

Da na jona osiloskof, wato na'urar da ke zana siffar sigina a allo, a bakin na'urar ba da wuta, sai na ga igiya mai kusurwa huɗu da ke sarrafa PIN tana fita lafiya, amma ba ta isa ƙarshen kebul ɗin BNC da ke kai ta ga PIN, domin tsinken tsakiyarsa ya tsinke daga ciki. Na kashe wuta, na sa sabon kebul, sannan na ɗaga wutar Gunn sannu a hankali zuwa bolt 9, ban bari ta wuce 10 ba. Allurar ta ɗan motsa kawai, saboda mitar VSWR ba ta jin komai sai kilohaz 1, wato bugu 1000 a daƙiƙa, don haka na daidaita bugun igiyar mai kusurwa huɗu zuwa 1000 cif, na ƙara lantarkin PIN har allurar ta kai ƙololuwa.

Alhamdu lillahi, ina kuma godiya ga ma'aikacin ɗakin da ya ara mini kebul.