Yadda za ka saka cek na wani banki a asusunka ba tare da ya dawo ba

Ƴan uwa ƴan kasuwa na Tawa, musamman masu lodin albasa zuwa Abijan da Kwatanu, ku sani yanzu takardar cek ba ita ke tahiya tsakanin bankuna ba, hotonta ne. Ka kai cek gishe, su zura shi cikin wani ɗan inji ya ɗauki hoton gaba da baya ya karanta lambobin nan na can ƙasa, sai a tura ta na'urar BCEAO, wato babban bankin ƙasashenmu masu sefa, da ake kira SICA-UEMOA, wadda aka fara aiki da ita a 2005, ita ke haɗa bankunan ƙasashe 8 masu cin sefa. Abin da ma'aikatan banki ke ce ma kompansasiyo kenan. Bankin wanda ya baka cek hoton kawai zai gani, da shi zai yanke ko ya biya ko ya maido.

To tunda haka ne, tun wurin karɓa za ka fara lura. Kada ka bari a rubuta da bik mai dishi-dishi, baƙi ko shuɗi mai kyau. Kada ka ninke shi huɗu ka cusa aljihun gaba zufa ta jiƙa shi, wallahi wannan ɗabi'ar tana ɓata min rai don kuɗinka ne kake tauyewa da hannunka, kuma layin lambobin ƙasan nan kada a sa hannu a kai, kada a buga tambari, kada a huda shi, in injin ya kasa karantawa an jawo jinkiri. Duba kuɗin da aka rubuta da lamba da wanda aka rubuta da kalmomi su zama ɗaya, in sun saɓa doka na kalmomin take bi. Duba kuma ranar wata, sunanka daidai yadda yake a asusu, da sa hannun mai cek.

A banki ka sa hannu a baya ka rubuta lambar asusunka, ka karɓi rasit ka aje. In akwai layi biyu a gicciye a gaban cek ɗin, kada ka tsaya gardama sai an baka tsaba, ta asusu yake bi.

Sannan kada ka kwantar da shi a gida. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen nan 8, mai lamba 15 ta 2002 ta ce a kai shi banki cikin kwana 8 in a garin da aka rubuta shi za a biya, kwana 20 in wani gari ne cikin ƙasa, 45 in a wata ƙasar UEMOA aka rubuta shi kuma a wata daban za a biya. Ganin an rubuta cek ya shiga ba shi ke nuna kuɗi sun zauna ba, tambayi mai gishe ranar da za ka iya taɓawa kafin ka yi ma direba ko manomi alkawali.

Kai kuma mai bada cek, daina sa ranar gaba kana cewa "riƙe sai wata ya kama", ran da aka kai shi ran nan ake neman kuɗin. In babu, banki zai aiko maka wasiƙar gargaɗi ya baka kwana 30 ka gyara, in ka ƙi a hana ka cek har shekara 5, sunanka kuma ya shiga rajistar BCEAO da duk bankuna ke dubawa.